Cindo Mai Jan Sarƙar Safiyo

A wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara, kusa da Warra, aka haifi Cindo. Ya gama aji bakwai bai samu gurbin ci gaba ba, sai ya koma noman albasa. Yana da shekara ashirin da biyar aka ce dam ɗin Kainji zai cinye tsibirin, kowa ya shirya tashi.

Masu safiyo da suka zo yanka sababbin gonaki a tudu suka ɗauke shi aikin jan sarƙar awo. Shugabansu Ishaya ne, mutum mai ƙarancin magana.

Dattawan tsibirin suka kafe cewa kowace gona ta zama yadi murabba'i ɗari shida, kuma tsawonta ya ɗara faɗinta da yadi goma, kamar yadda suka saba. Cindo ya wuni yana kafa turaku yana tugewa, awon ya ƙi fita.

Ishaya ya kira shi gindin tsamiya, ya zana murabba'i a ƙasa.

"Faɗin da ba mu sani ba ke nan. Raba goman nan biyu, ka liƙa biyar a gefe, biyar a ƙasa. Mi ya rage?"

"Kusurwa guda, biyar sau biyar," in ji Cindo.

"Cike ta."

Cindo ya ƙara ashirin da biyar a kan ɗari shida. Can ya daka tsalle. "Ashirin da biyar sau ashirin da biyar! A cire biyar, faɗi ashirin, tsawo talatin!"

Ishaya ya ce a takarda akwai amsa ta biyu, talatin ƙasa da sifiri.

"Wannan gonar aljanu ce, su je su noma abinsu," in ji Cindo. Ranar ya fara jin dariyar Ishaya.

Da aiki ya ƙare, Ishaya ya bar masa littafinsa na lissafin aljabara. Cindo ya zauna jarrabawar shiga kwalejin horon malamai ya faɗi. Ya sake zama, ya ci. Matarsa Hansatu ta ce ya tafi, ita da ƙannensa za su riƙe gida.

Shi ne mafi shekaru a ajinsu, har ana ce masa Baba. Ya dawo Warra ya koyar da lissafi shekara ashirin da takwas, kuma biyu daga cikin ɗalibansa mata sun zama injiniyoyi.