Mu'azu Mai Faci a Bayan Gola

A bakin tashar da motocin Bungudu ke lodi a Gusau akwai wata rumfar faci, da injin iska da bahon ruwan da ya daɗe da yin baƙi. Mai rumfar shi ne Mu'azu Jatau. Na san shi tun yana miƙa wa ubansa guduma, domin shagona yana kallon nasu. Gajere ne, mai ƙafar baka, kuma bai taɓa buga ƙwallon da wani zai tuna ba. Amma daga Tsafe har Bungudu, in gardama ta tashi kan wa ya ci wa, sai ka ji an ce a duba abin da Mu'azu ya rubuta.

Yana da shafi a Fesbuk, ya sa masa suna Filin Gida. Ba ya kawo labarin Turai. Wasannin unguwanni da na ƙauyuka yake bi, irin waɗanda ake bugawa bayan la'asar a filin firamare, awaki na ratsawa. Yakan rubuta sunan wanda ya ci da sunan ubansa da garinsu, ba laƙabin da abokai suka liƙa masa ba. Ya ce uwar yaro ba ta san laƙabi ba.

Abokinsa Bello, direban da ke jigilar Tsafe, ya sha yi masa tsiya a kan haka.

"Kai dai ba ka son arziki," in ji Bello. "Dubi yaran nan na Sabon Gari. Suna kwance bisa katifa suna kwafo labarin wane zai koma kulob kaza, rabi ƙarya, mabiyansu dubu ɗari. Kai kana shan rana don ka faɗa muna Ruwan Bore ta yi canjaras."

"To ai ta yi canjaras ɗin," in ji Mu'azu, yana tura tayar Bello cikin baho yana neman inda take fitar da kumfa.

Akwai abin da ya kamata a sani game da filayen nan. Yawancinsu ba su da raga. Sanduna biyu ne a kafe, da gora ko igiya a sama. In ƙwallo ta zo da ƙarfi ta wuce, alƙalin wasa da ke tsakiyar fili ba ya iya rantsewa ta ciki ta bi ko ta waje. Manyan baƙi kuma suna can gefe a kan benci, ƙarƙashin inuwa. Shi Mu'azu bayan gola yake tsayawa, inda ba inuwa ba kujera, da ɗan littafinsa da biro a bayan kunne. In aka juya fili ya bi ƙungiyar da ta fi kai hari. Ƙwallo ta fasa masa leɓe sau biyu. Wayarsa ba ta ɗaukar hoton kirki, gilashinta ya tsage tuntuni, don haka idonsa ne kawai shaidarsa.

Aikin yana cin kuɗi. Akwai data, akwai kuɗin mota, akwai yinin da rumfa ke rufe alhali tayoyin mutane ba su daina fashewa ba. Shekara biyu ta farko daga aljihunsa yake yi, har matarsa Asiya ta fara kiran shafin da babban ɗansu, wai shi ya fi kowa ci a gidan. Daga baya Alhaji Labbo, wani dillalin hatsi ɗan asalin Nahuce, ya ɗauki nauyin abin. Duk wata yakan aiko da abin da zai isa data da mota, Mu'azu kuma ya sa sunan shagon Alhaji a ƙarshen kowane rahoto. Mutumin kirki ne Alhaji Labbo. Shi ne kuma uban ƙungiyar Taurarin Nahuce, shi ya saya musu riguna da takalma.

A shekarar da nake magana, Taurarin Nahuce suka kai wasan ƙarshe na kofin kaka, suka haɗu da Matasan Rawayya a Bungudu. Har saura minti huɗu ba wanda ya ci. Sai wani ɗan Nahuce ya sheƙo ƙwallo daga nesa, ta wuce kamar harsashi, ta faɗa gonar da ke baya. Alƙali ya hura usur ya nuna tsakiya, alamar an ci. Fili ya ruɗe. 'Yan Rawayya suka yi ta nuna sanda suna rantsuwa, ba wanda ya saurare su. Alhaji Labbo ya ɗaga kofi, hularsa har ta faɗi.

Mu'azu yana tsaye taku uku daga sandar. Ya rubuta wani abu a littafinsa.

Kafin magariba Alhaji ya sa aka kira shi wajen mota. An ce hannunsa ya kama, yana murmushi.

"Malam Mu'azu, mi ka gani?"

"Ta waje ta bi, Alhaji. Kamar taƙi guda."

Alhaji ya ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba, Allah shi kiyaye. Ɗaya da nema aka tashi, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To rubuta hakan, ka tsaya nan. Yaran ga shekara huɗu suna neman wanga kofi."

Washegari Mu'azu ya buɗe rumfa da wuri, amma na lura taya ɗaya ya riƙe har hantsi. Asiya ta kawo masa koko da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta gaishe ni, ta tsaya a kansa.

"Ka rubuta?"

"Ban rubuta ba tukuna."

"Buhun masarar da ke ɗaki, ka san daga inda ya fito."

"Na sani."

"To. Ni dai na tuna maka ne." Ta juya za ta tafi, sai ta dawo. "In kuma za ka rubuta, ka rubuta shi da kyau. Kada ka zagi kowa."

Da azahar rahoton ya fita. Bello ne ya karanta mana shi da ƙarfi a rumfa. Ya yabi 'yan Nahuce, ya ce sun fi riƙe ƙwallo, ya ambaci sunan golan Rawayya da ya ture uku masu kyau. Ya ce an tashi ɗaya da nema kuma kofi na Nahuce ne, don hukuncin alƙali shi ne hukunci. Sai layi ɗaya a ƙasa: ina bayan gola, ƙwallon ta bi ta wajen sanda da kamar taƙi guda. A can ƙarshe kuma, kamar kullum, sunan shagon Alhaji Labbo.

"Ka kashe kanka," in ji Bello, "kuma ka yi wa mutum talla kyauta a wajen jana'izar."

Alhaji bai yi faɗa ba, bai kira ba. Wata ya ƙare, saƙo bai zo ba. Mu'azu ya cire sunan shagon, ya aika da godiya ta bakin wani ɗan kamasho. Daga nan Filin Gida ya rame. Wasannin cikin Gusau kaɗai yake zuwa, waɗanda ƙafa ke kaiwa. Mako shida ba a ji Tsafe ba, ba a ji Bungudu ba. Wasu suka rubuta masa cewa ya rage wa kansa wahala ya koma labarin Turai. Wani mai harkar caca ya zo har rumfa da tayin da ya fi na Alhaji, Mu'azu ya ba shi kujera, ya saya masa ruwa, ya raka shi bakin titi. Asiya ta ƙara yawan awarar da take soyawa, ba ta kuma sake kiran shafin da kowane suna ba.

Ran wata Alhamis Bello ya dawo daga Tsafe da saƙo. Ƙungiyoyi biyu za su kara ranar Asabar, kuma bara wasansu da dambe ya ƙare. Kyaftin ɗin kowane ɓangare ya ce ba zai shiga fili ba sai mai facin Gusau yana bayan gola. Ɗaya daga cikinsu ya ce shi zai biya kuɗin mota.

Mu'azu ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Ka ce musu su raba biyu," ya ce. "Kowa rabi. A ba ni gaban juna, kafin a take wasa."

"In ɗaya ya ce zai ƙara maka na shayi hwa?"

"Ya ba ɗayan ya sha."

Haka ake yi har yau. Ba kowane wasa ake kiransa ba, kuma abin da ake bayarwa mota kawai yake biya. Data daga faci take fitowa. Shafin da a da yake fita kullum yanzu sau biyu yake fita a mako, wani makon sau ɗaya, in kasuwa ta yi sanyi. Mabiyansa ba su kai dubu bakwai ba.

Kwanaki motar hatsin Alhaji Labbo ta yi faci daidai bakin tasha, yana ciki. Akwai masu faci uku a layin, direban ya gangaro da tayar wajen Mu'azu. Alhaji ya fito ya zauna a bencina, muka gaisa, ya yi ta kallon Mu'azu yana aiki. Sai da aka ɗaura tayar ya miƙe, ya biya, ya tsaya yana gyara babbar riga.

"Malam Mu'azu. Taƙi guda, ka ce?"

"Alhaji, ko ya ɗan fi."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya shiga mota, ya leƙo ta taga ya ce ranar Juma'a Nahuce na da wasa da Ruwan Bore, za su aiko da rabinsu.