Na Kori Ƙanena Saboda Mantuwa

A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan kasuwa ne a Isa, ina sayen gero da wake ina kaiwa har Nijar. Mahaifinmu ya rasu, riƙon gida ya dawo hannuna. Mutum ne ni mai zafi, duk wanda ya yi kuskure sau biyu a wurina ganganci ya yi. Ba wanda ya ɗanɗana wannan hali kamar ƙanena da muke ciki ɗaya.

Tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya sha duka a makaranta har malamai suka gaji. Da ya girma na jawo shi jikina. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ga son mutane. Amma ka aike shi da saƙo uku, ɗaya zai isar. Yakan fara ɗinke buhu, ya bar basilla a jiki ya tafi kallon masu gyaran babur, har ya manta bai ci abinci ba. Inna takan ce in bi shi a hankali, haka Allah Ya yi shi. Ni kuwa in ce ita ta ɓata shi.

Wata damina na bar shi a kasuwar Bafarawa da buhunan wake, na ce abu ɗaya nake so, in hadari ya taso ya rufe su da tamfol. Babur ɗin wani dattijo ya mutu a bakin hanya, ya je taya shi gyara, ruwa ya sauko yana can. Na dawo na iske wake ya jiƙe sharkaf, shi kuma yana tsaye hannu duk baƙin mai, yana rantsuwa bai san yadda aka yi ya manta ba. Na mare shi a gaban jama'a, mutum da gemunsa. Na ce nauyi ne shi a kanmu, kada in sake ganinsa kusa da kayana. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "To Yaya, za ni tafiya ka huta." Bayan kwana biyu ya tsallaka Nijar.

Ban neme shi ba. Inna ta yi ta roƙona in je in dawo da shi, ina cewa duniya za ta koya masa hankali. Ta kwanta ciwo, ta rasu ba ta sake ganinsa ba. Labari bai kai masa ba sai bayan sadakar bakwai.

Ɗiyata ce ta buɗe mini ido. Malamar ajinsu ta kira ni ta ce yarinyar tana da kai, amma ba ta iya zama, ba ta ƙarasa rubutu. Ta roƙe ni in ajiye bulala in kai ta asibiti a Sakkwato. Sau biyu muka je kafin likita ta ce lalura ce ta ƙwaƙwalwa da ke hana mutum tattara hankali, a turance ana ce mata ADHD. Ta ce ba iskanci ba ne, ba aljanu ba ne, kuma takan bi jini. Sai ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan hali a danginmu. Nan take ƙanena ya faɗo mini a rai.

Likitar ce ta haɗa mu da wani zaure na waya, inda iyaye da manyan da ke da lalurar ke turo saƙon murya. Hanyar Sakkwato ba kullum take biyuwa ba, don haka da wannan zaure muka fi dogara. A nan na koyi ba yarinyar aiki ɗaya, in jira ta gama kafin in ƙara wani. Malamarta kuma ta dawo da ita gaban aji. Wata rana wani magidanci daga Sabon Birni ya ba da labarin yadda danginsa suka ɗauke shi sakarai tun yarinta. Ban iya sauraro har ƙarshe ba.

Wani direba da ke bi ta Burkusuma zuwa Nijar ya samo mini lambar ƙanena. Na kira shi, na faɗa masa abin da likita ta ce, na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, kuma duk rayuwarsa ya ɗauka shi mutumin banza ne. Ya ce in sa shi a zauren, na sa shi. Amma bai dawo ba. Ya ce bai san yadda zai shiga gidan ya ga ɗakin Inna a rufe ba.

Na gane cewa ban taɓa tambayarsa me ke damunsa ba, hukunci kawai na yi ta yanke masa. Duk mai ɗa ko ɗan'uwa irin nawa, don Allah ya kai shi wurin masu sani, ya nemi waɗanda suka riga shi shiga wannan hali ya ji ta bakinsu. Ƙanena ya yafe mini, amma Inna ta tafi ban nemi tata yafiyar ba.