Allah Ya Bayyana Shi

Mijina masunci ne. A farkon wata damina ya shiga ruwan Tiga da hantsi don ya ɗebe ragar da ya kafa. Hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Bai dawo ba. Da la'asar aka ga kwale-kwalensa a kife. Shi ba a gan shi ba.

Sarkin ruwa ya tara mutanensa, suka yi ta nutso har idanunsu suka yi ja. Aka ja taru, aka jefa ƙugiyoyi. Daga baya aka ce a jira, in ya kumbura zai taso. Muka jira, bai taso ba. Dattawa suka ce wataƙila itace ya riƙe shi. A ƙarƙashin ruwan nan tsohon garinsu yake, wanda dam ya cinye tun mijina yana goye, kuma kukoki da ɗorawun garin suna nan tsaye a ƙasa. Su ne suke yaga wa masunta raga.

Mutane suka fara shigowa gaisuwa, su durƙusa, su rasa abin faɗa. Wanda ya mutu, ana cewa Allah ya jiƙansa. Wanda ya ɓata, kamar akuya ko yaro a kasuwa, ana cewa Allah ya bayyana shi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce Allah ya jiƙansa. Mahaifiyarsa, wadda muke gida ɗaya da ita kuma nake ce mata Inna, ta miƙe ta nuna mata ƙofa.

"Kin ga gawarsa? A gabanki aka sa shi a rami?"

Daga ranar, duk wanda ya shigo gidanmu Allah ya bayyana shi yake cewa. Inna ta amsa da amin mai ƙarfi. Ni ma nakan ce amin, amma ba abu ɗaya muke nufi ba. Ita ɗa take jira ya shigo da ƙafarsa. Ni 'yar masunta ce, na san abin da kifaffen jirgi yake nufi. Gawa nake roƙo.

Na sa ƙanen mijina ya tambayi liman ko in shiga takaba. Liman ya ce ba a takaba sai an tabbatar da mutuwa, kuma ba wanda ya ga nutsewarsa. Ya ce matar da mijinta ya ɓata shekaru take jira, sai alƙali ya yanke. Haka na zauna, ni ba mai miji ba, ni ba mai takaba ba. Ba a yi masa salla ba, ba a yi sadaka ba.

Yara uku gare ni, kuma ciki bai san an yi rashi ba. Na koma sana'ata ta bandar kifi. Abokan sana'ar mijina suna kawo mini tarwaɗa da karfasa, in fasa, in wanke, in jera a kan wuta. Tarwaɗa ba abin da ba ta ci a ƙasan ruwa. Duk wadda na tsaga cikinta sai na kau da kai. Na daina cin kifi, amma na ci gaba da ba yarana, don ba ni da wani abin ba su.

Ban yi karatu ba. Fatiha da 'yan gajerun surorin da nake salla da su, su ke nan. In na idar, da Hausa nake yi wa Allah magana, kuma ba ta da tsawo. Nakan ce masa, Kai Ka san inda yake, ni ban sani ba. Musulmi ne, kada Ka bar shi ba salla. Akwai ranakun da ko wannan ba na iya faɗa. Sai in zauna a kan tabarma hannuna a buɗe, har ƙaramar 'yata ta zo ta ja mini zane. Ba zan ce na ji daɗi ba. Abin da nake samu bai wuce ƙarfin tashi in hura wuta ba, amma kullum ina samunsa.

Wani ya zo ya ce ya ga mai kama da mijina a tashar Bebeji yana shiga motar Kano. Inna ta tashi ƙanensa ya yi ta yawo, ya dawo ba labari. Ranar ta ce mini fuskata ta mai fatan mutuwa ce. Na ƙyale ta. Uwa ce.

Damina ta wuce, aka yi girbi. Fulani suka sauko daga wajen Tudun Wada da shanunsu don cin kara. Wata dattijuwa a cikinsu ta saba kawo mana nono, muna musaya da busasshen kifi. Mai barkwanci ce. Takan ce mu Haɓe ba mu san abinci ba sai abin da yake wari, ni kuma in ce mata ta rage ruwa a nononta. Wata rana ta tarar baƙuwa tana yi wa Inna irin gaisuwar gidanmu, sai ta tambaye ni a gefe ko saniya ce ta ɓace mana. Na gaya mata.

Ta sauke ƙwaryarta ƙasa. Ta tambaye ni wane lokaci ne. Na ce ruwan farko-farko, kafin a gama shuka.

"Yana da guntun yatsa a hannun hagu?"

Na ce ƙugiya ce ta cire masa tun yana saurayi.

"To, mun binne shi," in ji ta. "Maigidana ne ya tsince shi a cikin ciyawa, can inda kogi yake shiga dam."

Ban yi kuka ba. Na tambaye ta abu ɗaya, ko an yi masa salla. Ta ce an yi.

Muka tafi ta hanyar mota, ni da ƙanen mijina da tsohon Bafulatanin, maigidan dattijuwar, don na ce ba zan hau ruwan ba. Daga titi muka hau babur, sannan muka taka. Wurin kabarin tudu ne a bakin ruwa, an lulluɓe shi da ƙaya saboda karnuka. Na tsaya daga nesa. Tsohon ya ce jikin ba ya wankuwa, ruwa kawai suka kwarara masa. Ba su da likkafani a ruga, sai ya warware sabon rawaninsa ya haɗa da wani farin zane. Ya ce sun gaya wa mai unguwar wajen, an yi cigiya a ƙauyukan kusa, ba wanda ya zo. Maza kaɗan ne suka tsaya sahu. Ya ce bai san sunan da zai ambata ba, sai ya ce bawan Allah.

Da muka dawo, ƙanen mijina ya durƙusa gaban Inna ya faɗa mata komai. Ta saurare shi har ya gama. Sai ta ce a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mutane za su zo.

Na cire 'yan kunnena, na ɗaura tsohon zane, na aika a gaya wa liman zan shiga takaba. Ya zo da kansa ya tsaya a zaure. Ya ce daga ranar mutuwa ake lissafi, ba daga ranar da labari ya zo ba.

"Takabarki ta ƙare tun kafin a shigo da dawa, baiwar Allah," in ji shi. "Babu sauran komai a kanki."

Na tuna cewa duk watannin nan ban sa kwalli ba, ban ƙunsa lalle ba, ban kwana ko'ina ba sai ɗakin mijina. Ba don na sani ba, zuciyar ce ba ta so. Na ce wa liman na ji. Na koma ciki na zauna kusa da Inna a kan tabarma, mata suka fara shigowa.