Gayyar da Muka Yi Kafin Wasan Ƙarshe

Ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka kawo Dutse lokacin da aka ƙirƙiro jiha. Ban so tahowa ba. Ina saurayi, ban daɗe da kama aiki ba, kuma duk abokaina a can na baro su. A Dutse in an tashi daga ofis babu wurin zuwa, sai dai ka zauna a ƙofar gida kana kallon duwatsu da dabino har a kira magariba.

Wani malamin wasanni ne ya cece mu. Mutumin ƙasar Haɗeja ne, ya haura hamsin, yana ɗingishi saboda gwiwar da ya lalata a ƙwallon kwando tun yana matashi. Ya samu wani daɓen siminti a bayan wata sakandare, ya sa mai walda ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, kafinta ya buga allo. A bayan idonsa Koci muke ce masa, a gabansa kuwa Malam. Yawancinmu ƙananan ma'aikata ne, sai wasu ɗalibai biyu da wani mai gyaran rediyo. Ni gajere ne, don haka aikina shi ne in kawo ƙwallo daga baya in raba.

Abin da muka rasa shi ne dogon mutum, kuma Koci ya samo shi a wurin gini. A lokacin ko'ina a garin gini ake yi. Wani saurayi ne daga Aujara da ya zo cin rani, yana miƙa wa magina bulo a kan katako ba tare da ya taka komai ba. Koci ya tsayar da babur ɗinsa ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Samari, ka taɓa yin ƙwallo?"

Ya ce, "Ta ƙafa, Malam. Gola ake sa ni."

Ranar da ya fara zuwa, da silifa ya zo, domin ba a samu takalmin da ya shige shi ba sai da aka aika Kano. Bai iya komai ba. In ya kama ƙwallo sai ya rungume ta ya sheƙa da gudu, mu kuwa mu faɗi ƙasa don dariya. Ba ya fushi. Amma ba a gaya masa abu sau biyu, kuma duk ƙwallon da ta bugi allo ta dawo, tasa ce. Kafin rani biyu ya zama shi ne ƙungiyar. Koci ya nema masa aikin gadi a makarantar don ya zauna a gari.

Akwai wani mai gidan kallo da yake samo mana kaset na wasannin fidda gwani na ƙwararrun Amurka. Kafin kaset ya iso Dutse an yi watanni da gama gasar, amma mu ba mu san wanda ya ci ba, sai mu yi ta ihu kamar yanzu ake bugawa. Ranar Asabar da hantsi muke zuwa. Koci yakan sa a tsayar da hoton, ya tashi ya dangwala yatsa a jikin talabijin.

"Ku daina kallon mai ƙwallo. Ku kalli sauran, ina suke tsaye? Wannan da ba wanda ya tafa masa, shi ya buɗe hanyar."

Dogon namu kuwa benci yake kallo. Wata rana ya ce, "Malam, waɗancan na zaune duk 'yan wasa ne? Kowannensu ya fi ni tsawo, kuma an ajiye shi kawai?"

Koci ya ce, "Da su ake cin kofi."

Ba mu ɗauki maganar da muhimmanci ba. Mu bakwai ne masu iya shiga fili, muna ganin mun isa.

A shekarar da muka fi ƙarfi aka yi gasar shiyya, wadda duk ƙungiyar da ta ci za ta haura rukunin ƙwararru na ƙasa. Ba wanda ya san da mu. Muka yi ta fitar da ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya har muka kai ƙarshe, inda muka haɗu da wata tsohuwar ƙungiya ta Kano. Wasa uku za a yi, wanda ya ci biyu ya ɗau kofi. Na farko a gida muka ci su. Mutanen da ba su san dokar wasan ba suka cika gefen filin, 'yan acaɓa suka jera babura suna danna oda duk sanda dogon Aujara ya danna ƙwallo a zobe. Na biyu a Kano suka rama da ƙyar. Aka sa ranar na uku, a Kano shi ma, sai masu shirya gasar suka ɗaga ta, suka sake ɗagawa, har damina ta sauka sosai.

Saura 'yan kwanaki a buga, dogon ya zo atisaye bai sa kayan wasa ba. Ya durƙusa a gaban Koci, mu muna tsaye.

"Malam, an aiko daga gida. Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙannena sun yi shuka, amma ciyawa ta rufe geron, su kuma yara ne. In ban je na yi noman farko yanzu ba, bana ba mu da abinci."

Wani ya ce a nemi 'yan ƙwadago. Dogon ya girgiza kai, ya ce a wannan makon kowa yana kan tasa gonar, ko roƙo ka yi ba ka samun mutum. In shi kaɗai ne kuwa, aikin zai kai shi har bayan ranar wasa.

Mai gyaran rediyon ne ya ce, "To mu je mu yi masa gayya mana. Mu nawa ne? Kwana biyu mun gama, mu taho da shi."

Muka amsa gaba ɗaya, har da tafi. Koci bai tafa ba. Ya zauna a kan dakalin gefen fili yana shafa gwiwarsa, ya ce, "Yaushe rabonku da fartanya? In kun je, za ku dawo da hannun da ba zai riƙe ƙwallo ba. In ba ku je ba, babu shi." Ya miƙe, sannan ya ce, "Ku nemo mota. Da ni za a je."

Muka sauka a Aujara da sassafe, muka fara shiga gaida tsohon. Yana kwance a kan tabarma a soro, bakinsa ya ɗan karkace, amma hankalinsa garau. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce wa Koci, "Malam, wannan wasa da kuke riƙe min yaro a kansa, me ake samu in an ci?"

Koci ya ce, "Kofi, Baba."

"Na shan shayi?"

Muka yi dariya, shi ma ya yi da rabin bakinsa. Ya sa mana albarka, ya ce Allah ya ba mu kofin, ko na mene ne.

Gonar ta fi yadda muka zata girma. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, kafin la'asar ya fashe. In na miƙe sai in ji kamar an daki ƙuguna da taɓarya. Dogon yana gaba, yana cin kunya biyu kafin mu gama ɗaya, yana waiwayowa yana ce mana sannu. Koci ya ɗaure gwiwarsa da rawani ya duƙa tare da mu, mun hana shi ya ƙi. Matan gidan suka kawo fura a ƙwarya, muka sha a gindin wani marke. Ban taɓa jin daɗin zama da mutane kamar na wannan inuwar ba. Kwana biyun da muka ce suka zama uku. Muka dawo Dutse, muka huta kwana ɗaya, muka wuce Kano.

Mun fara wasan da kyau. Dogon lafiyarsa ƙalau, noma ba baƙonsa ba ne, ya hana su sakat a ƙarƙashin kwando. Mu ne muka gaza. Na naɗe yatsuna da filasta, duk da haka in ƙwallo ta zo da ƙarfi sai in ji ta har cikin kaina. Jifan da na saba yi ido rufe sai ya bugi bakin zobe ya dawo. Aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da kaɗan, amma na ga yadda kowa ya dafa ƙugu.

Bayan hutu sai kocinsu ya fara canji. Ya fitar da mutum uku ya sako uku sababbi, can ya sake sako wasu. Suka gane cewa daga nesa ba ma ci, sai suka bar mu, mutum biyu suka manne wa dogon. Na waiwaya bencinmu, mutum biyu ne a kai, ɗaya ma ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi. A ƙarshe dogon ya cika adadin laifuffukan da dokar wasa ta ƙayyade wajen tare mutanen da mu ya kamata mu tare, alƙalin wasa ya fitar da shi. Daga nan suka wuce mu. Ba su yi mana nisa ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka wuce Wudil. Sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, baɗi namu ne." Muka ce ƙwarai, baɗi. Koci ya ce Allah ya kai mu.

Ba mu ƙara haɗuwa a fili mu bakwai ba. Tsohon ya rasu da kaka, dogon ya zama shi ne babba a gida. Ƙungiyar da ta ci mu ta aiko har Aujara tana nemansa, ya ce ba mai riƙe masa gida. Ɗaliban suka tafi jami'a, aka mayar da Koci wata makaranta a wajen Haɗeja, ni kuma na yi aure. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a na yi ƙoƙarin tara yara, muka ɗinka musu wando mai sauka ƙasan gwiwa, ba wanda ya hana mu. Amma mai gidan kallon ya rufe ya koma sayar da taki, yaran ba su taɓa ganin yadda ake wasan ba, ni kuma ban iya koyarwa kamar Koci ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma ƙwallon ƙafa.

A jana'izar Koci muka sake ganin juna. Dogon bai samu sallar ba, motarsu ta lalace a hanya, ya iso ana dawowa daga maƙabarta. Gemunsa ya fara fari. Bayan ya yi wa iyalin ta'aziyya ya ja ni gefe, muka tsaya a jikin katanga.

Ya ce, "Har yau abin yana damuna. Da na sani, da na tafi gida ban gaya wa kowa ba. Da kun je da hannuwanku lafiya."

Na ce, "Da babu kai, da tun kafin hutu an gama da mu."

"Malam ya taɓa yi maka maganar?"

Na ce bai taɓa ba, kuma gaskiya na faɗa. Na sha kai masa ziyara, mu yi hirar komai, amma ko sau ɗaya bai tayar da zancen wasan nan ba, ni ma ban tambaye shi ba. Na so in san ko a ransa yana ganin da mun ci in da ba a ɗaga ranar ba.

Dogon ya ce dole ya juya kafin la'asar, ya bar shanu babu mai ba su ruwa. Na raka shi tasha, muka yi alkawarin zan kawo yarana Aujara su ga gona. Har yanzu ban kai su ba.