Ranar da Sista Rahila ta sallami mata ba rigakafi

Ku sababbin ma'aikata, akwai wata Talata ta damina da har yau ban manta da ita ba. Lokacin ina atenda a wani ƙaramin asibiti ta wajen Falgore. Aikina shara, da jera mata a benci ranar rigakafi. Shugabarmu Sista Rahila ce, Kirista 'yar Tudun Wada, ga tsokana. Kullum sai ta ce bakina ya fi tsintsiyata aiki.

Da safen nan na same ta tsaye gaban firjin sola, ba tsokana. Batir ya mutu tun ƙarshen mako. Ga wanda bai sani ba, kwalbar rigakafi tana da ɗan tambari. In zafi ya lalata maganin, sai tambarin ya yi duhu. To, duk sun yi duhu. Waje kuwa mata sun cika, wasu tun daga rugage da goyo cikin taɓo. Kuma ranar ce mai duba aiki zai zo.

Na ce, "Sista, in aka ji, kanki fa za a ɗora laifin."

Ta ce, "Na sani, Inna. In na yi wa yaran allurar haka, ba mai ganewa. Sai dai uwa za ta tafi tana ganin an kare ɗanta, alhali ba a kare shi ba."

"Ba kya tsoro?"

Ta ce, "Ina tsoron oga mana. Amma a coci an koya mana tsoron Allah ba na mai jiran bulala ba ne. Na ɗiya ne da ta san Ubanta na sonta, take jin nauyin ɓata masa rai ko ba mai gani."

Ta fita ta gaya wa mata gaskiya. Wata Bafulatana ta yi ta faɗa har bakin ƙofa. Mai duba aiki na zuwa, Sista da kanta ta nuna masa kwalaben. Ba a daɗe ba aka mayar da ita can cikin Doguwa.

Da sabon magani ya iso, Bafulatanar nan ta dawo. Ta leƙa ɗaki ta ce, "Ina mai korar mutanen? Ita nake so ta yi wa ɗana."

Na gaya mata an mayar da ita Doguwa.

Aikin nan namu, rabinsa ba mai gani. Shi ya sa kuke ganina kullum da safe, kafin in taɓa tsintsiya, ina kara kunne a jikin firji, in ji ko yana aiki.