Kwana Huɗun da Labo Ya Yi a Illela

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Labo a Malbaza, kuma gajera ce, shi ya sa babu abin da ban sani ba. Shekara goma sha tara ya yi shina shugaban ƴan dako a mangazar siminti ta wani Alhaji, can bakin titi. Ba ni faɗin sunan Alhajin, don har yanzu ina gaishe shi. Ni Maikano mai shayi ne, teburina na ƙofar mangazar. Lakwal kuwa, makarantar boko, aji uku na yi anka koro ni saboda surutu.

Maza goma sha biyu ke ƙarƙashin Labo, amma ban taɓa jin ya yi ma wani tsawa ba. Kullum ina ce mishi ko akuyata ta fi shi iya shugabanci, don ita ana jin ta. In mota ta tsaya, shi ke ɗaukar buhun farko. Ya san Halilu na da ciwon baya, sai ya sa shi bisa mota shina jera buhu, ba ɗauka ba. In rana ta take, aiki ya tsaya, ko direba zai zage shi har kakanni. In buhu ya fashe, shi ke shiga buro, ofishin Alhaji, ya ce laifinsa ne. Kuma duk abin da ya iya sai ya koya musu, kamar wanda za a kama in ya ɓoye.

Bara, ana gab da damina, yayansa ya rasu a Illela. Kafin ya hau mota ya tsaya gaban teburina, ya ce Badaru, wanda ya fi daɗewa cikinsu, ya riƙa karɓar direbobi, sauran kowa ya san wurinsa. Kwana huɗu ya yi. Motoci sunka zo sunka tafi, buhu bai fashe ba, ba a yi faɗa ba. Alhaji na cikin buro, fanka na kaɗa mishi, bai ji komai ba, kamar kullum.

Ranar da Labo ya dawo ina cikin buro na kai shayi. Alhaji ya yi mishi ta'aziyya, sannan ya ce aiki bai tsaya ba da ba shi nan. Sai na ga Labo, mutumin da bai daɗe da bisne yayansa ba, ya washe baki.

"Ai Alhaji, ko wata na yi ba za ka san ba ni nan ba. Sun iya."

"To, madalla," in ji Alhaji, shina juya cokali.

Na ga fuskar Alhaji, Labo bai gani ba. Da la'asar na leƙa ta katanga na ce mishi yau ya kori kansa da bakinsa, ya fara tambayar kuɗin jaki. Dariya ya yi, ya ce na faye mugun zato.

Mako guda bai cika ba Alhaji ya ce tunda aiki na tafiya da kansa, bai ga amfanin shugaban da ba a ji ba. Ya kawo Usama, ƙanen matarsa, da hular rana da usur a wuya. Tun safe usur ke kuka, ana kiran manya raggo, Alhaji na buro shina cewa yanzu ya san ana aiki. Labo ya roƙi a bar shi ɗan dako, shekararsa hamsin da takwas. Anka bar shi.

Matsalar ita ce, in Usama ya busa usur, sai mazan su dubi Labo tukuna. Labo na sunkuyar da kai, shina ce musu su bi shef, wato sabon shugaba. Har gefe ya ja Usama ya gaya mishi zancen bayan Halilu. Usama ya ce ba tsoho zai koya mishi aiki ba, ya sauko da Halilu daga mota, ya sa shi ɗauka tsakar rana. Kwana tara Halilu ya faɗi da buhu a ka. Usama ya shiga buro ya ce Labo ke raba mishi kan mutane. Kafin azahar anka sallami Labo.

Mazan nan da ya koya ma aiki, dukansu a teburina sunka sha shayi ranar. Kowa ya ce sai haƙuri. Ba wanda ya taka zuwa buro. Ni ma mai dogon baki ban je ba, don ƙasar da teburina ke bisa ta Alhaji ce.

Yanzu Labo na jan yashi da amalanken jaki, Halilu na kwance gida. Ranar Talata Labo ya tsaya gabana, na tambaye shi ko ya gane da ya bar su ba su iya komai ba, da har yanzu shina can.

"Na gane, Maikano," ya ce. Sai ya dubi gabas. "Gaya ma Badaru ya rufe buhunan waje, hadari na tafe. Kada ka ce ni na ce."

Na ce mishi shayi nike saidawa, ba aike ba. Amma na faɗa ma Badaru, sunka rufe, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, Alhaji ya fito har ƙofa ya dafa kafaɗar Usama, ya ce irin wanga shugaba ya daɗe shina nema.