Ramiza da Hayaƙin Safiya

A ƙauyen Bukova Kosa, mace ba ta naɗe sallayar asuba sai ta leƙa taga ta dubi bututun hayaƙin maƙwabta. In hayaƙi ya tashi, mai gidan ya kwana lafiya. In har rana ta taɓa kan dutse bai tashi ba, sai a ja mayafi a je a buga ƙofa. Haka aka taso aka tarar, ba wanda ya taɓa sa wa abin suna.

A nan aka haifi Ramiza Kurtić, a nan kuma ta yi koyarwa shekara goma sha tara, har ranar da yara ukun ƙarshe suka bi iyayensu Jamus, aka sa wa makarantar kwaɗo. Da wata ce da ta haɗa kayanta ita ma. Ita kuwa sai ta tara mata huɗu a ɗakin girkinta, suka kafa ƙungiyar sa-kai don tsofaffin da aka bari su kaɗai, su goma sha bakwai. Su faskara musu itace, su kai burodi, su karɓo magani daga gari.

Wahalar ofis ce ta kai ta jami'a. Duk sanda ta sauka gari nema wa tsofaffin wani abu, sai a ce takardar ba ita ba ce, ta dawo Litinin. Tana da shekara arba'in da tara ta shiga digiri na biyu a Sarajevo, babban birnin ƙasar, fannin gudanar da ayyukan gwamnati. Kowace Juma'a sai ta hau bas da jakar littattafai da ƙunshin abincinta.

Dedo Sakib, tsohon da kowa ke kira kaka, yakan tare ta a bakin shingensa.

"Yarinya, da furfurar taki za ki zauna benci ɗaya da sa'annin 'ya'yanki?"

"Dedo, kai ma ai kana ɗan saba'in ka je Makka."

"Ni na dawo da dabino. Ke me za ki kawo mana?"

A sanyinta na biyu tana karatu, wata ƙungiya daga ƙasar waje ta aiko da hita, na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da wutar lantarki, kowane tsoho ɗaya. Ramiza ce ta rubuta takardar neman, kuma karon farko ke nan da aka amsa mata ba a ce ta dawo ba. Da kanta ta raba su gida gida, tana murna. Tsofaffi suka huta da ɗaukar itace cikin dusar ƙanƙara. Sai hayaƙi ya fara ɗaukewa a gidajen, ɗaya bayan ɗaya. Mata na leƙa taga ba sa ganin komai, su ce ai hita ce, su koma kan gahawarsu.

Wata Talata da safe Dedo Sakib ya zame a ɗakin girkinsa, ƙashin ƙugunsa ya karye. Bai samu mai buga ƙofa ba sai Laraba da azahar, da Ramiza ta kawo masa magani. Ta same shi a ƙasa, leɓunansa sun bushe, yana jan tasbihi da yatsu. Allah ya yi da sauran kwana, aka kai shi asibiti da rai.

Ba a yi mako ba labari ya zo daga ƙaramar hukuma: za a kwashe tsofaffin duka zuwa gidan tsofaffi a gari, a daina share hanyar dutsen lokacin sanyi. Kowa ya san wanda ya sauka ba ya dawowa. Nana Zumra, wadda ta haura tamanin, ta ce a gaya musu su zo da makara.

Ramiza ba ta yi wa kowa kuka ba. Ta bi gidajen nan ɗaya ɗaya, ta roƙi kowa ya hura murhu bayan asuba, ko da ƙirare biyar ne, hitar kuma ya ci gaba da jin ɗuminta. Ta raba wa kowace mace gidan da za ta riƙa dubawa ta taga. Washegari da ta fito, gari ya yi tsit, sama garau, sai ga hayaƙi goma sha shida a tsaye cak kamar mutane a sahun salla. Ta daɗe a wurin har ƙafafunta suka yi sanyi.

Daga nan ta buɗe littattafanta. Ashe a dokar ƙaramar hukumar kanta, ba a yanke irin wannan hukunci sai an zauna an saurari mutanen da abin ya shafa. Ta rubuta, ta sa lambar sashen, aka sa ranar zama. Kafin ranar ta zo, kullum tana rubuta lokacin da hayaƙin kowane gida ya tashi da sunan wadda ta gani, kwana arba'in cur.

Ran zaman ta cika bas da tsofaffi. Wasu rabonsu da gari tun lokacin da aka yi yaƙi a ƙasar. Shugaban majalisa, wanda Ramiza ta koya wa karatu yana ƙarami, ya juya takardun yana murmushi.

"Malama, wato da hayaƙi za mu riƙa kula da lafiyar mutane?"

Nana Zumra ta buga sandarta. "Ɗana, da hayaƙin nan aka san ranar da uwarka ta fara naƙudar ƙanwarka. Ni na gani, ni na je."

Aka yi dariya. Ramiza ta miƙe, takalmanta na roba suna ɗigar ruwa a kan shimfiɗar ofis. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce laifin faɗuwar Sakib nata ne, don ita ta kashe hayaƙin ba ta sani ba. Ta nuna musu safiya biyu a cikin arba'in ɗin da hayaƙi bai tashi ba, da minti nawa aka yi kafin a buga ƙofa. Sannan ta karanto musu dokarsu sashe sashe, ba ta ko duba takarda. Ikon Allah, manyan mutane masu kwat suka duƙufa suna rubuta abin da take faɗa. Tsofaffin da suka san ta tun tana rarrafe suka riƙa kallon juna.

Aka ba su sanyi ɗaya na gwaji. Za a ci gaba da share hanya, nas kuma za ta riƙa hawowa kowace Alhamis.

Da aka sallamo Dedo Sakib, motar asibiti ta biyo bayan motar share ƙanƙara har ƙofar gidansa. Ana shigar da shi a kan kujera yana faɗa da masu ɗaukarsa, wai su bi a hankali kada su fasa masa tukunyar furen matarsa, Allah ya jiƙanta.